Baƙaƙe Uku, Farare Biyu

Ranar da Baba ya kawo fiyanonsa gidana, a nannaɗe ya kawo shi cikin bargo, ya rungume shi a bayan babur kamar mai kai marar lafiya asibiti. Na fito da kumfar wanki a hannu, na ce lafiya? Ya ce lafiya lau, in dai buɗe masa ɗakin baƙi, kuma in rage murya. Ni da aka san ni da murya tun daga bakin layi, sai na ƙara tsorata.

Ya shimfiɗa fiyanon a kan tabarma, ya zauna a gabansa, ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Uwata yake ce mini, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini. Ranar kuwa sai ya ce, "Malama, karatu na zo."

Na yi dariya har da riƙe ciki. Shi bai yi ba.

Baba makaɗi ne, ɗan makaɗi. Da kukuma ya tashi, ita ya gada, da ita ya ciyar da mu har na shiga sakandare. Sai zamani ya juya, masu biki a Daura da kewaye suka ce su fiyano suke so, ko a kawo shi ko su nemi wasu. Baba bai ja da zamani ba. Ya rataye kukumar a ƙusa, ya je Kano ya sayo fiyano na hannu, ya shige ɗaki yana laluben haƙoransa. Haka yake kiran abubuwan da ake dannawa, farare da baƙaƙe. Da ya fito sai ya sanar da mu abin da ya gano: duk waƙar da kukuma ta sani tana kwance a kan baƙaƙen nan. Biyu a haɗe, uku a haɗe, murya biyar ke nan, kuma su ne dai muryoyi biyar ɗin da kunnensa ya saba da su tun yana yaro. Daga ranar bai ƙara taɓa fari ba sai in zai goge shi da tsumma. In aka ce masa farare fa, sai ya ce wannan gonar mutane ce, shi kuma ba ya shiga gonar mutane. Fiye da shekara ashirin ya yi a haka, kuma ban taɓa jin wanda ya ce kiɗansa ya gaza ba.

Wanda yake yi wa kiɗan taubashinsa ne, ɗan kawunsa, mu Baffa muke ce masa. Tare suka yi kiwon awaki, tare aka yi musu kaciya, kuma tun da nake ban taɓa ganin sun yi zaman minti biyar ba tare da ɗaya ya tsokani ɗaya ba. Baffa ya ce Ɗan gwaggo, Baba ya ce Ɗan kawu. Allah ya ba Baffa murya, ya kuma ba shi zuciya a kusa. Yana da wata waƙa ta kai amarya wadda ba a gama biki sai ya yi ta. A tsakiyarta akwai wurin da yake kiran uwar amarya, muryar ta yi ta hawa, ta yi ta hawa, har ta kai wani ƙololuwa ta tsaya can cak. A nan mata ke sakin guɗa, a nan uwar amarya ke jan mayafi ta rufe fuska. Ni ranar aurena na ci alwashin ba zan yi kuka ba, don na ga kukan amare ya yi yawa. Yana kaiwa wurin na manta da alwashin. Mutane don wannan wurin suke ɗaukar Baffa, shi ma ya sani.

Murya kuwa jiki ce, tana tsufa. Baba ne ya fara ji, kafin kowa, wataƙila ma kafin mai ita. A jikin fiyanon akwai wani ɗan maɓalli, in ka danna shi sai duk kiɗan ya sauka ƙasa kaɗan, yatsunka na nan inda suke, sai dai wata 'yar lamba ta canza a ɗan gilashin da ke gaba. Wata shekara Baba ya danna shi sau ɗaya, bai gaya wa kowa ba. Da aka jima ya mai da shi sau biyu. Baffa ya ci gaba da kaiwa ƙololuwarsa, mata suka ci gaba da guɗa, kowa ya kwana lafiya.

Sai aka yi wani biki a Zango. Cikin dangin ango akwai wani mai baki, ya ɗan zazzauna a ɗakunan ɗaukar waƙa a Kano, yana jin ya gama sanin duniya. Ana cin abinci, a gaban jama'a, ya ce ai tsofaffin mawaƙan yanzu duk maɓalli ke ɗaukarsu, ana sauke musu kiɗa ne su lallaɓa. Baffa ya ture kwano. Ya ce wallahi tallahi, ranar da aka danna maɓalli don a sauke masa kiɗa, ranar ya bar waƙa har abada. Ya sa mutumin ya nuna masa inda lambar take fitowa, ya ce daga yau shi da kansa zai riƙa duba ta kafin a fara, in bai ga sifili ba to a naɗe kaya. Baba na zaune a gefe da loma a hannu. Daga baya ya ce mini lomar nan bai san yadda ta wuce ba. Magana dai zarar bunu ce, ta riga ta fita.

Biki na gaba a Dutsi aka yi. Baffa ya duƙa ya duba gilashi, ya ga sifili, kuma sifilin gaskiya ne, don Baba ba zai sa ɗan'uwansa ya karya rantsuwa ba. Aka kama waƙa. Da aka zo kiran uwar amarya, muryar ta hau, ta hau, sai ta tsage. Matan da suka riga suka ɗaga hannu za su yi guɗa suka sauke shi a hankali. Baffa ya yi tari, ya ce ruwan sanyi ya sha. A hanyar dawowa bai tsokani kowa ba. Sai da suka shigo gari ya ce, in aka sake haka a Baure, to ya gama. Bikin Baure kuwa an riga an sa shi, da an gama kai amfanin gona gida.

Wannan ne ya kawo Baba ɗakina da bargo. A gidansa ba zai iya ba, don Baffa ba ya sallama sau biyu, yana yi yana shigowa.

Ya ce, "Tunda maɓalli ya haramta, da yatsu zan sauke. Na fara, kin ga." Ya ɗora hannu a kan baƙaƙe ya buga farkon waƙar, sannan ya zame kowane yatsa zuwa farin da ke manne da shi ta hagu, ya sake bugawa. Waƙar ta fito daidai, ta ɗan sauka kaɗan. "Wannan danna ɗaya ke nan. Ni biyu nake nema. To saurari abin da ya same ni." Ya sake matsar da hannun gaba ɗaya, kowane yatsa ya koma farin da ke gefensa. Abin da ya fito ba waƙar Baffa ba ce. Wani abu ne mai langaɓewa, mai ban tausayi. Baba ya janye hannu. "Kin ji? Ta koma kukan Indiya. Taki ɗaya na yi na farko, taki ɗaya na yi na biyu. Me ya sa na farko ya yarda, na biyu ya ƙi?"

Ni malamar firamare ce. A kwalejin horon malamai an ɗan koya mana ƙa'idar kiɗa, amma a kan kwali, fiyanon da muka zana da biro da rula. Na Baba kuwa ko da wasa ba a taɓa shi, tun muna yara. Saboda haka ilimina na kwali ne, kuma na sha jin haushi in na tsaya gaban allo ina koya wa yara do, re, mi, alhali a gidanmu ko tafi ba a yarda na iya ba. Amma wannan tambayar, Allah ya sa, amsarta na kan kwalin. Na ji wani daɗi ya ratsa ni wanda ban ɓoye ba. Na gyara ɗaurin ɗankwali na zauna sosai.

Na ce, "Baba, takunka ba ɗaya ba ne. Dubi nan." Na nuna masa fari biyu da baƙi a tsakaninsu. "Daga wannan zuwa wannan, ka tsallake gida guda. Yanzu dubi nan." Na nuna masa fari biyu da ke manne da juna, babu komai a tsakani. "Nan ba ka tsallake kowa ba. Ka matsar da yatsu biyar, uku sun yi dogon taki, biyu sun yi gajere. Ina waƙa za ta zauna?"

Ya sunkuya ya ƙura wa wurin ido. "Wannan giɓin? Ni ai na ɗauka masu ƙera shi ne suka bar shi don mutum ya gane hanya."

"Ba giɓi ba ne. Katangarsu ɗaya ce kawai."

Na gaya masa mafi ƙanƙantar tafiya a fiyano ita ce daga haƙori zuwa wanda ke jikinsa, fari ne ko baƙi, babu ruwanka da launi. A kwaleji samiton aka ce mana, ni na ce masa rabin taki. Biyu su ne taki guda. Maɓallin nasa ma abin da yake yi ke nan, kowace dannawa rabin taki. Na ce ya manta da gonarsa da gonar mutane, ya ɗauka layin unguwa ne, ya bi shi ƙofa-ƙofa kada ya tsallake ko ɗaya. In ya ƙirga goma sha biyu zai ga ya dawo muryar da ya fara da ita, sai dai ta fi kauri in ƙasa ya yi. Wannan bin ƙofa-ƙofa shi ne abin da littafi ke kira tsanin kuromatik.

Ya ce, "Gaisuwar Sallah ke nan."

Na ce haka ne.

Ya sa yatsa ɗaya, babban makaɗin da ake aiko wa mota daga Baure, ya fara sauka: baƙi, fari, baƙi, fari, fari. Fuskarsa ta yamutse kamar wanda ya tauna tsakuwa a shinkafa. Kunnensa bai saba jin maƙwabta biyu a jere ba. A waƙoƙinmu akan bar fili tsakanin murya da murya, shi kuma wannan duk a cunkushe yake. Ya ce ya san shi a kukuma, in yatsa na zamewa daga wuri zuwa wuri yakan bi ta kansa, amma bai taɓa tsammanin wuri ne da mutum zai tsaya ba. Da ya kai na goma sha biyu ya ji muryar farko ta dawo, sai ya tsaya. Ya koma sama ya danna, ya dawo ƙasa ya danna. Ya ce, "Ikon Allah. Ashe da'ira ce."

Muka ɗauki yatsun nan biyar ɗaya bayan ɗaya, kowanne muka saukar da shi ƙofa biyu, muna ƙirgawa da baki. Uku suka faɗa kan baƙaƙe, biyu kan farare. Ya buga a hankali, da ƙyar, yana tuntuɓe. Waƙar Baffa ce, ba ta langaɓe ba, tana nan daidai inda maɓalli ya saba ajiye ta. Ya ɗago ya dube ni, idonsa ya kawo ruwa. Ya ce, "Allah ya yi miki albarka, Uwata. Ashe ba banza aka kai ki ba." Ban taɓa samun yabon da ya kai mini wannan ba, har yau.

Na ɗauka an gama. Ashe ganewa ce mai sauƙi.

Hannun Baba ya san gida. Shekara da shekaru yana kiɗa ba ya kallon fiyano, idonsa na kan bakin Baffa, yatsun na bin tudun baƙaƙen da kansu. Yanzu an ce biyu daga cikinsu su sauko kwari. In yana yi a hankali sai su yarda. Da ya ɗan ƙara sauri sai su gudu su koma inda suka saba, waƙar ta karkace. Ya tsaya, ya yi tsaki, ya faro. Kullum da na taso daga makaranta zan tarar da shi a zaure yana jirana da tabarau a aljihu, tabarau ɗin da a da ko kusa ba ya yarda a gan shi da shi. Kafin ya taɓa waƙar sai ya yi gaisuwar Sallarsa, ya sauka ƙofa-ƙofa ya hau ƙofa-ƙofa, da hannun dama, sannan da hagu. Ni ban sa shi ba. Shi ya ce wanda bai san unguwa ba, ba ya aike a cikinta.

Ni kuma ba ni da haƙurin koyarwa, duk da ita ce sana'ata. Wata rana ya yi kuskure ɗaya a wuri ɗaya har na gaji, ban san lokacin da na buga tabarma na ce, "Haba! Fari na ce, fari!" da irin muryar da nake yi wa 'yan aji huɗu ba. Sai da ta fita na tuna da wanda nake magana. Na sunkuyar da kai. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Gemu ba ya hana ilimi, Malama, amma dai yana hana bulala ko?" Muka yi ta dariya har maigidana ya leƙo. Shi ma bai bar mu ba, ya ce maƙwabta na tambayarsa wane ne yake koyon fiyano a gidansa yana hana kaji sakewa. Baba ya ce, "Ka ce musu matarka ce." Haka kuwa aka faɗa, har yau a layinmu akwai masu ganin na gwada kiɗa na kasa.

Akwai abin da ya tsaya mini a rai, sai da na furta shi. Na ce, "Baba, wannan ba wayo ba ne? Mutum ya rantse kada a sauke masa, kai kuma kana saukewa ta bayan gida."

Ya ajiye tabarau. Ya ce, "Lokacin kukuma, kin san abin da nake fara yi duk ranar da za mu fita? Sai in ce Ɗan kawu, ja mini baiti ɗaya. In na ji muryarsa a sama take, in ɗaure tsarkiya. In mura ta kama shi, in sassauta. Haka ubana ya yi wa nasa mawaƙin. Kiɗa ke bin murya, ba murya ke bin kiɗa ba, kuma ba wanda ya taɓa kiran wannan abin kunya. Sai da na'ura ta zo da lamba, aka ga abin a rubuce, sannan ya zama gori. Abin da ya ƙi shi ne a ce ƙarfe ne ya ɗauke shi. Ni kuwa tun muna kiwon awaki nake ɗaukarsa, yana ɗaukata." Ya mai da tabarau. "In ya tambaye ni ba zan yi masa ƙarya ba. Allah ya sa dai ya kai wurin kafin ya tambaya."

Na dai lura gaɓoɓin yatsunsa sun kumbura, yana shafa musu man zafi kafin ya hau babur.

Aka yi girbi, aka ɗaure dammuna, bikin Baure ya zo. Na ce sai na je, na fake da cewa uwar amarya ƙawar surukata ce, wanda kuma gaskiya ne. Bayan la'asar aka kafa lasifika a ƙofar gida, ƙarƙashin wata bishiyar darbejiya, maza a kan benci, mu mata a tabarmi ta ɓangaren katanga. Na zaɓi inda zan riƙa hango hannun Baba. Bai sa tabarau ba. Gabana ya faɗi da na ga haka, sai daga baya na gane in ya sa, Baffa zai tambaya.

Baffa ya zo cikin babbar riga, ya rame mini a ido. Ya duƙa ya duba gilashin nan a gaban kowa, ya daɗe yana dubawa. Sifili. Ya miƙe, ya juya wa Baba baya, ya fuskanci jama'a. Waƙoƙin farko ba su da hawa, Baba ya yi su a gonarsa. Sai aka ce a fito da amarya.

Na ga Baba ya goge tafin hannunsa a gwiwa, ya matsar da shi hagu kaɗan. Ni kaɗai a duk taron nan na san abin da wannan matsawar take nufi. Ya shiga. Ina bin yatsun ina karanto duk addu'ar da ta zo bakina. Sau ɗaya ɗan yatsansa ya nufi gida, na ga ya fizgo shi kafin ya taɓa. Baffa ya kama waƙa, 'yan amshi suka karɓa. Aka zo kiran uwar amarya. Na ji yadda ya ja numfashi, numfashin mai shirin faɗuwa. Muryar ta hau, ta hau, ta kai, ta tsaya cak, ba ta ko girgiza ba. Guɗa ta tashi ta ko'ina. Uwar amarya ta ja mayafi. Ni ma na ja nawa, kuma ba don amarya ba.

Cikin guɗar nan Baffa ya waiwaya. Ba ya waiwaye in yana waƙa, amma ranar ya yi. Gilashi ya fara kallo. Sannan idonsa ya sauka kan hannun Baba, ya ga yatsu biyu kwance a kan farare. Ya tsaya yana kallo har lokacin shigarsa ya wuce, 'yan amshi suka sake maimaita amshi don su rufe. Baba bai ɗago ba, bai kuma janye hannun ba. Na ce a raina shi ke nan, yanzu Baffa zai ajiye abin magana ya tafi. Sai ya juya ga jama'a ya ɗauki baiti na gaba, ya kai waƙar har ƙarshe.

Kafin magariba muka kamo hanyar Daura a motar haya, su biyu a baya da fiyano a kan cinyoyinsu, ni a gaba na mai da kunnena baya. Muka wuce gonaki an kwashe gero, sai karare a tsaye. Muka yi nisa.

Can Baffa ya ce, "Ɗan gwaggo."

"Na'am."

"Yaushe ka fara shiga gonar mutane?"

"Da na ga hatsin tamu ba zai kai mu baɗi ba."

Baffa ya dubi fiyanon. Sannan ya ce, "Nawa ka sauka?"

"Rabin taki biyu."

"Mene ne kuma rabin taki?"

"Ga Malama nan, tambaye ta."

Na juyo na ce, "Baffa, daga gida ne zuwa gidan da ke jikinsa. Shi ne mafi ƙanƙanta. Ba a iya sauka ƙasa da haka."

"Gida biyu ke nan."

"Gida biyu."

Ya kamo hannun Baba ya juya shi, ya dubi gaɓoɓin da suka kumbura, ya daɗe bai saki ba. Ina jira in ji maganar rantsuwa. Abin da ya ce kawai shi ne, "Ni dai sifili na gani." Ya mai da kansa taga. Sai da muka hango fitilun gari ya sake magana, a hankali, ba da muryar tsokana ba.

"To baɗi fa?"

Baba ya ce, "Farare uku, baƙaƙe biyu. Na riga na koya."

"Baɗi waccan fa?"

"Duk na bi su, Ɗan kawu, ƙofa-ƙofa. Goma sha biyu ne. In Allah ya ja kwana muka sauke su duka, kan baƙaƙen nan za mu dawo, inda muka fara."

Baffa ya yi wata 'yar dariya ta hanci. Ya ce, "Ka ji tsohon banza, da girmansa ya koma aji ɗaya." Ya goge ido da hannun riga ya ce iskar mota ce.

Daga nan bai sake duƙawa duba gilashi ba, Baba kuma bai sake taɓa maɓallin ba. Sai dai kafin kowane biki Baffa kan tsaya kusa da fiyano, ya ja baiti ɗaya ƙasa-ƙasa kamar mai gyaran murya, Baba ya saurara, ya ɗora hannu inda ya dace. Sun yi shekaru masu kyau a haka. Sun sauka gida na uku, suka sauka na huɗu. Suna kan na biyar Allah ya karɓi Baffa, bayan gajeriyar jinya, da damina.

Fiyanon yanzu yana ɗakin Baba a rufe da bargon nan. Ba ya zuwa biki. In na kai yarana suka dame shi, yakan buɗe ya yi musu waƙar kai amarya, ba baki, kiɗa kawai. Kwanan baya na tsaya a kansa ina kallon hannun: baƙaƙe huɗu, fari ɗaya, can ƙasa, yatsun na lalube kafin su sami wuri. Tausayinsa ya kama ni. Na ce, "Baba, ka koma kan baƙaƙenka mana, ka huta. Yanzu ai ba wanda kake saukewa dominsa."

Bai ɗago ba. Ya kai wurin kiran uwar amarya, ya riƙe muryar, ya bar ta ta daɗe yadda mai ita yake barinta. Sannan ya ce, "A nan muka tsaya, Uwata."